Tseren Mota Cikin Kwamfuta: Sauri Kan Haifi Nawa

Daga cikin wasannin da samarinmu na Birnin Kudu da Gwaram su ke yi a kwamfuta da wayar hannu akwai tseren mota, watau mutum ya zauna wuri ɗaya yana tuƙa motar da ke cikin hoto, na'ura tana ƙidaya masa lokacin kowane zagaye. Iyaye da yawa suna ganin ɓata lokaci ne. Mu da aikinmu ke koyarwa muna ganin akwai ilmi a ciki, in an bi shi ta hanyarsa.

A 2008 kamfanin Nissan da na Sony suka buɗe gasa domin su ga ko gwanin wasan Gran Turismo zai iya tuƙa motar gaske. A 2011 wani saurayi ɗan Biritaniya, Jann Mardenborough, ya cinye gasar daga cikin mutum wajen 90,000. A 2013 kuwa shi da abokan tuƙinsa suka zo na uku a ajinsu a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wanda a ke kwana a wuni ana yi, awa 24 cur.

To, yaya a ke rage lokacin zagaye? Sabon shiga yana zaton gudu a totur ya ke, alhali kuwa a kwana a ke cin tsere. Dalili shi ne, ƙarfin da taya ke kama ƙasa da shi yana da iyaka, kamar kuɗin cefane ne. In ka kashe shi duka wajen birki, ba sauran na juyawa, sai motar ta zarce. Saboda haka gwani ya kan taka birki tun motar tana miƙe, sa'an nan ya riƙa sassauta shi kaɗan kaɗan yayin da ya ke karya sitiyari. Ya kan shigo daga bakin hanya na waje, ya gogi cikin kwanar, ya fita ta waje kuma, domin ya miƙar da lanƙwasar gwargwadon hali. Wanda ya shiga da haƙuri shi ke riga taka totur, gudun da ya fita da shi kuwa zai bi shi har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya.

Ga lissafin da ya kamata malamai su ba yara. Motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 cikin sakan ɗaya. Ashe jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan mita 5 ne. Shi ya sa a ke zaɓen alama a gefen hanya, ko allo ko itace, a riƙa taka birki daidai da ita kowane zagaye. Ido kuma ya kasance can inda a ke so a fita, kada ya tsaya a hancin mota.

Hanyar koyo ita ce wadda mu ke nuna wa ɗalibai masu koyon aikin malanta: a gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mota ɗaya, fili ɗaya, zagaye goma ba kuskure, a rubuta lokacin kowanne a littafi. Sai lokutan sun yi kusa da juna sa'an nan a matsar da alamar birki gaba kaɗan.

Amma fa samari su lura. A filin tsere kowa gaba ɗaya ya nufa, shi ya sa a ke cin hanya duka. A hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram kuwa akwai mai zuwa, akwai shanu da 'yan makaranta, wanda ya yanke kwana ya shiga hannun wani ke nan. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu ya ke yi, ran da aka yi karo kuwa ba maɓallin sake farawa. A ɗauko haƙurin da hangen nesan a hau titi da su, a bar gudun cikin na'ura. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.