Harafi Ɗaya Da Ke Iya Cinye Kuɗin Ɗalibi

Ɗalibin da ke tara kuɗi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi domin haɗa kwamfutar wasanni, lalle ne ya fara da zaɓen furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ɗauki biyu masu matsakaicin farashi: Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, da Core i5-12400F na Intel, na 2022. Kowanne yana da cibiyoyin aiki 6.

Bambancinsu yana ga harafin ƙarshe. "G" na nufin akwai sashen sarrafa hoto a cikin furosesan. "F" kuwa na nufin babu, don haka allo ba zai nuna komai ba sai an sayi katin hoto daban, wanda kuɗinsa kan zarce na furosesan kansa, ga kuma shan wuta. A ƙasar da aka dogara da janareta ko sola, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ganinmu, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki 5600G, mai wat 65. Zai buga wasanni marasa nauyi, daga baya ya ƙara kati. Sai dai ya tabbatar babban allonsa mai gurbin AM4 ne.