Buhun da Ake Kaiwa Bayan Ganuwa

Kusan duk shekara sai an yi ta. Wani ya turo saƙon murya ta WhatsApp cewa mahaukacin kare ya shigo birni, wai an gan shi yana dalalar da yawu, ya ciji yara biyu. Kafin labarin ya iso unguwar Kusfa a birnin Zariya da la'asar yaran sun zama bakwai. Iyaye mata su hana 'ya'yansu fita makarantar allo, samari su ɗauki gora da duwatsu, duk karen da tsautsayi ya ratso da shi ta lungu ya gamu da ajalinsa. Bayan kwana uku an manta. A duk majalisar da na zauna ana wannan hira ban taɓa jin wanda ya tambaya ba: karen nan, na wane ne kafin ya zama na bola?

Kare ba ya tsirowa a juji kamar tumfafiya. Ko dai wani ne ya yar da shi, ko ya yar da uwarsa. Akwai maharbin da karensa ya tsufa ya daina cim ma zomo. Akwai mai gadin fili da ya ajiye kare, aka gama gini, ya tattara tabarmarsa ya tafi ya bar shi. Akwai kuma saurayin da ya sayo ɗan kwikwiyo irin na Turawa don a ɗauke shi hoto da shi, wata shida ya ga dabbar tana cin abin da ya fi nasa, kuma dattijon gida ya ce ba a zaurensa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ragowar tuwon da ake zuba wa dabba ta zama ɗumamen yara, kowa ya san wannan.

Amma a cikin birni mage ce ta fi shan wannan wulaƙanci, kuma ba mai ganinsa laifi. Ta haihu a ƙarƙashin gado ko cikin rumbu, uwargida ta leƙa ta ga 'ya'ya huɗu ko biyar, sai ta kira almajirin gidan: "Zo, ɗan malam, saka su a buhun nan ka kai min bayan ganuwa. Ka yi nisa da su fa, kada uwar ta ji kukansu." Idan ka yi magana a ce maka: "Ai dabba ce, ta san yadda za ta yi. Wanda ya tsaga bakinta ba zai hana ta abinci ba."

Wannan magana ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin ana fakewa da tawakkali a yi abin da mai yin sa ba zai iya tsayawa ya kalli ƙarshensa ba. Ɗan mage idonsa a rufe ake haihuwarsa, sai ya yi mako guda zuwa kwana goma yake buɗewa. A makonni ukun farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, da jikin uwa yake ɗumama. Ko fitsari da kashi ba ya iya yi da kansa sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Bai isa yaye sosai ba sai ya kai wajen mako takwas. Wanda ya ajiye irin wannan a bakin kududdufi cikin hunturu bai sake shi ba, kashe shi ya yi, sai dai ya bar wa sanyi da cinnaka da shaho aikin. Da yawansu ba sa kwana biyu. Ita kuwa uwar da aka bari a gida, da an ɗauke mata 'ya'ya nono ya tsaya, ba ta daɗewa take sake neman namiji. Cikinta kwana 63 ne ko ɗan sama da haka, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma 'yarta tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Wato buhun da aka kai bana, kafin damina ta kama za a nemi wani.

To babbar dabba fa, wadda ta san duniya? Ita ma ba ta da dajin da za ta koma. Dubban shekaru ke nan kare yana cin hannun ɗan Adam, bai gaji farautar dila ba, bai san hanyar ruwa irin ta kura ba. Kamar ka ɗauki ɗan birni da ya tashi da ruwan famfo da shinkafar kasuwa ka sauke shi a gindin dutsen Kufena da dare ka ce ya nemi na kansa, tunda kakanninsa manoma ne. Kamar ka saki kazar gidan gona a fadama ka ce ta yi zaman fakara. Karen da aka yar ba daji zai nufa ba, inda ƙanshin abincin mutane yake nan zai dawo: bayan mahauta, wurin masu tsire, jujin kasuwa, kwatar unguwa. A can zai tarar da waɗanda suka riga shi, su kuma ba sa maraba da baƙo. A yi ta cizon juna a kan ƙashi ɗaya. Kaska ta cika masa kunne, ƙazuwa ta zubar masa da gashi, tsutsa ta cinye ɗan abin da ya samu, mota ko babur su ƙarasa shi. Wanda ya tsira kuwa ya koyi darasi guda, cewa hannun mutum dutse yake jifa, don haka yaron da ya matso kusa da shi abin cizo ne.

A wannan cizon junan ne ciwon haukan kare yake samun hanya. Ƙwayar cutar a yawu take. Idan ta shiga rauni ba ta bin jini kamar zazzaɓin cizon sauro, jijiya take bi a hankali, kamar gara a cikin azara, har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai yi wata biyu ko uku lafiya lau, raunin ya warke, kowa ya manta, wani lokaci ma har shekara. Shi ya sa kuma cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa hatsari, tafiyar gajera ce, yaro ƙarami kuwa fuskarsa daidai bakin kare take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan dukkansu daga kare suka samu. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, likita ba shi da abin yi sai rage masa azaba. Mage ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, ta cizo ko yaƙushi. Kuma ba kowane mai ciwon ne ke hauka yana bin mutane ba. Wani shiru zai yi, muƙamuƙinsa ya saki, har mai tausayi ya zura hannu yana zaton ƙashi ne ya maƙale masa.

Ga inda yar da dabba yake zama laifi a kan unguwa baki ɗaya. Karen da ke da ubangida ana iya kama shi a yi masa allurar rigakafi duk shekara. Idan ya ciji wani ana iya ɗaure shi kwana goma a zuba masa ido, domin wanda cutar ta riga ta sauko masa yawu ba ya wuce kwanakin nan bai nuna alama ko ya mutu ba. Na bola fa, wa zai riƙe shi? Masana sun daɗe da gano cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun gadar tsallakawa, sai ta mutu da kanta. Manomi ya san wannan dabara, ita ce share gefen gona kafin a sa wa daji wuta: wutar ta zo ta tarar da fili, ta tsaya. Kowane kare da aka yar, busasshiyar ciyawa ce aka mayar cikin sharar.

Sai a ce to a kashe su duka mana, a zuba guba a nama. An sha yi. Guba ba ta tambayar wa ya ci, har akuya da kaji da ungulu da karen mafarauci mai allura tana ɗauka. Kuma muddin jujin yana nan, kamar kwalfe ruwan kududdufi ne da ƙwarya a tsakiyar damina: ka kashe goma, wasu goma su taso daga Tudun Wada ko Sabon Gari su gaji wurin, ga abinci ya yalwata, 'ya'yansu su fi rayuwa. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubban karnukan titi suka jibge a wani tsibiri mara ruwa mara abinci, suka mutu da yunwa da ƙishirwa, amma har yau birnin cike yake da karnuka. Ƙasar Meziko ta bi ɗaya hanyar, allura kyauta ga karnuka shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta shawo kan cutar da ake ɗauka daga kare.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne Zariya ba ta rasa masana ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta suna Samaru, tafiyar da ba ta fi kuɗin mota ɗaya ko biyu ba daga Ƙofar Doka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar karnuka a cikin ƙasar nan. Akwai aikin da ake yi wa mage ko karya ta daina haihuwa, namiji kuma a dandaƙe shi, yadda muke yi wa bunsuru ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Amma jeka tambayi matan cikin birni ko sun taɓa jin ana yi wa mage haka. Hukuma takan tuna da zancen ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa ciwon haukan kare saboda a ranar ce Louis Pasteur, wanda ya fara gwada allurar a kan mutum a 1885, ya rasu. A sa riguna masu rubutu, a yi jawabi, a ambaci burin kawar da mutuwar mutane daga cutar kafin 2030, a watse. Da za a haɗa kai da masu unguwanni da sarkin mafarauta, a kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa sau ɗaya a shekara yadda aka yi da allurar shan inna, da an wuce nan.

A unguwa irin Kusfa, inda yaro ke tashi da jin karatu daga zaure zuwa zaure, ba sai na tuna wa kowa hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ta ciyar ba, ko na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Wani ya taɓa ce mini ai ita matar ɗaurewa ta yi, shi kuwa saki ya yi. Na ce masa: Malam, ɗan magen da idonsa bai buɗe ba, a cikin buhun da aka ƙulle bakinsa, ina sakin yake? Har ƙyamar karen da muke taƙama da ita, a mazhabar Malikiyya da muke bi duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, haka yake a Mukhtasar. Rashin halaccin ajiye shi don ado daban, izinin azabtar da shi daban.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, kare ko mage ta ciji yaro, a bar ƙona gashin karen ana shafawa, a bar ɗaure raunin da tsumma. A wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, minti goma sha biyar cur, da agogo a hannu. Daga nan sai asibiti a ranar, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa a Shika, a nemi allurar cizon kare, a kuma cika dukkan ranakun da aka rubuta ko da raunin ya bushe. In dabbar ta kamu, a killace ta a kira likitan dabbobi. In samari sun riga sun kashe ta, kada a jefa gawar a kududdufi, domin da ƙwaƙwalwarta ake gwadawa a gane ko tana da ciwon.