BIYAN KUƊI DA WAYAR HANNU A MANYAN KANTUNA

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ƙungiyoyinmu na gama kai sukan tara kuɗi su aiki mutum ɗaya ko biyu birni domin sayayya. Akan sayo famfon feshi, da maganin ciyawa, da tamfol, da buhunan ajiya, wani lokaci har da gishiri da sabulu a sari domin a raba wa gidaje. A dā ɗan aiken yakan ɗaure kuɗin a aljihun ciki ya hau mota yana fargaba. Yanzu manyan kantuna da yawa suna karɓar kuɗi ta wayar hannu. Wannan abu ne mai amfani, gama kuɗin da ba ya jikin mutum ba shi da sauƙin ƙwacewa a hanya. Amma yana da nasa haɗari, kuma wanda bai san yadda abin yake tafiya ba yana iya komowa gida ba kuɗi ba kaya. Kuɗin ƙungiya amana ne, saboda haka bari mu duba abin da kyau.

Yadda abin ya soma

Dattawa a cikinmu suna tunawa da kantunan Kingsway da Leventis da UTC a manyan birane. A can mutum yakan ɗauki kaya, ya ƙirga kuɗi a gaban mai karɓa, a ba shi canji da rasit. Biya ta waya ya yi ƙarfi ne da fari a ƙasar Kenya, inda kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa a shekarar 2007. A Nijeriya akwai wata cibiya mai suna NIBSS wadda take haɗa bankuna da juna. A shekarar 2011 ta fara hanyar aika kuɗi nan take daga wannan banki zuwa wancan. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi, ya soma da Legas.

Mu mutanen karkara ba mu ji abin a jikinmu sosai ba sai da aka sake fasalin takardun Naira 200, da 500, da 1,000 a watan Disamba na 2022. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, mutane suka kwana a bakin banki, manoma da yawa suka sayar da amfanin gona da araha don su sami na hannu. Tun daga wannan lokaci mutane da yawa waɗanda ba su taɓa aika kuɗi ta waya ba suka koya, kantuna kuma suka saba da karɓa.

Hanyoyi huɗu na biya

1. Latsa lambar banki. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mu, domin tana aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba ta kuwa bukatar data. Kowane banki yana da lambarsa. Ga misali, ta First Bank ita ce *894#, ta UBA *919#, ta GTBank *737#, ta Zenith *966#, ta Access kuwa *901#. Mutum zai latsa lambar a layin da ya yi rajista da shi a banki, ya zaɓi aika kuɗi, ya sa lambar asusun kanti wadda take da lambobi 10, ya sa yawan kuɗin, sa'an nan ya sa lambar sirrinsa.

2. Manhajar banki. Wannan tana bukatar babbar waya da data. Bankuna suna da manhajojinsu, haka kuma kamfanoni irin su OPay, da PalmPay, da Moniepoint, da MoMo na MTN, da SmartCash na Airtel. Amfaninta shi ne tana ajiye shaidar kowane biya a cikin wayar, ana kuma iya nuna ta ko a tura wa wani.

3. Ɗaukar hoton tambari. A wasu kantuna za ku ga wani tambari mai kusurwa huɗu cike da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gaban mai karɓar kuɗi. Ana ce da shi QR. Idan aka buɗe manhajar banki aka haska shi da kyamarar waya, sunan kantin yakan fito da kansa, ba sai an rubuta lambar asusu ba. NIBSS ta fito da nata, mai suna NQR, a shekarar 2021.

4. Kusantar da waya ga na'ura. A nan mutum yakan kai bayan wayarsa kusa da na'urar POS, kuɗin ya fita ba tare da an sa kati ba. A Amurka da ƙasashen Turai wannan hanya ta bazu sosai tun bayan fitowar Apple Pay a 2014. A wurinmu ba kowace waya ce take iya yi ba, ba kuma kowane kanti yake da na'urar ba. A 2023 Babban Banki ya sa iyaka ga irin wannan biya idan ba a sa lambar sirri ba: Naira 15,000 a biya ɗaya, Naira 50,000 a rana. Wato ta fi dacewa da ƙananan sayayya.

Ku lura, ba dole ba ne kanti ya karɓi dukan hanyoyin nan. Tun kafin ku tara kaya a kwando ku tambayi mai karɓar kuɗi irin hanyar da suke karɓa. Matambayi ba ya ɓata.

Hannuwa uku da kuɗin yake bi

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a gane. Sa'ad da ka aika kuɗi daga bankinka zuwa wani banki dabam, kuɗin ba ya tsalle kai tsaye. Da fari bankinka yakan cire shi daga asusunka. Na biyu, cibiyar da take tsakiya takan kai saƙon. Na uku, bankin kanti yakan zuba kuɗin a asusun kantin. Yawanci dukan wannan yakan ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya. Amma idan sabis ya yi rauni, kuɗin yana iya tsayawa a tsakiya.

Saƙon da yake shigo maka, wanda muke kira alat, yana nuna mataki na fari ne kaɗai, wato an cire kuɗi a wurinka. Bai nuna cewa kanti ya karɓa ba. Shi ya sa mai karɓar kuɗi yakan ce ka dakata sai ya gani a na'urarsa. Kada ka ji haushinsa. 'Yan damfara sun sha nuna alat na ƙarya su kwashi kaya, ma'aikacin kuwa shi akan tuhuma. Biya bai cika ba sai kanti ya ga kuɗin ya kuma ba ka rasit. Gani ya kori ji.

Idan an cire kuɗi amma kanti bai gani ba, kada ka yi gaggawar sake aikawa, gama kana iya biya sau biyu. Ka jira kaɗan. In har bai shiga ba, ka nemi manajan kanti, ka roƙe shi ya rubuta sunanka da yawan kuɗin da lokacin, a ajiye maka kayan. Kowane aike tsakanin bankuna yana da doguwar lambar shaida mai lambobi 30, wadda take fitowa a shaidar biya ta manhaja, ana kuma iya samunta a banki. Da ita ake bin sawun kuɗin. Sau da yawa kuɗin yakan komo asusu da kansa. Idan bai komo ba, sai a kai kuka ga banki a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi. Idan banki bai warware ba, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna inda akan kai ƙara.

Abin da ake caja, da iyakar abin da ake aikawa

A tsarin Babban Banki wanda ya fara aiki a Janairu 2020, an sa ladan aika kuɗi zuwa wani banki Naira 10 idan kuɗin bai wuce Naira 5,000 ba, Naira 25 daga nan zuwa Naira 50,000, Naira 50 idan ya wuce haka, ban da ɗan harajin da akan ɗora a kai. Akwai kuma harajin gwamnati na Naira 50 a kan aiken da ya kai Naira 10,000. Latsa lambar banki ma tana da nata caji, Naira 6 da kwabo 98, wanda aka sa a 2021. Daga tsakiyar 2025 aka koma cire shi daga katin waya. Saboda haka ɗan aike ya tabbata akwai kati a layinsa. Waɗannan kuɗaɗe ƙanana ne, amma ma'aji ya rubuta su, don kada lissafi ya ƙi cika a ƙarshen shekara.

Iyaka ita ce takan ba mutane kunya a gaban jama'a. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018, abin da mutum zai aika ta latsa lamba bai wuce Naira 100,000 a rana ba, sai in ya cika takarda a bankinsa. Abin da ya wuce Naira 20,000 kuma yana bukatar ƙarin shaida ban da lambar sirri. A ce mutum 12 ne a ƙungiya, kowa ya ba da Naira 15,000. Jimla Naira 180,000 ke nan. Idan ɗan aike bai shirya da bankinsa ba, zai tara kaya ya kasa biya, ga kuɗin mota ya riga ya tafi. Lalle ne ya je banki ko ya tambaya tun kafin ranar tafiya, ya san iyakar asusunsa.

Yadda ƙungiya za ta tsare kanta

Dokar yawancin ƙungiyoyinmu ta ce ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, wato shugaba da ma'aji da magatakarda. Waya kuwa mutum ɗaya ne yake riƙe ta, shi kaɗai ya san lambar sirri. Idan ba a yi hankali ba, waya za ta rushe wannan doka a shiru. Ga shawarwarin da za su taimaka:

1. A yanke shawarar abin da za a saya da yawan kuɗin a gaban taro, magatakarda ya rubuta a littafi.

2. Kuɗin sayayyar kaɗai za a tura wa ɗan aike. Sauran ya zauna a asusun ƙungiya ƙarƙashin masu sa hannu.

3. A aiki mutum biyu. Ɗaya yana latsawa, ɗaya yana dubawa. Sifiri ɗaya da ya ƙaru yakan mai da Naira 18,000 ta zama Naira 180,000.

4. Kafin a sa lambar sirri, a karanta sunan da ya fito a waya. Lalle ne ya zama sunan kantin, ko sunan da yake a takardar da na'urar kantin ta fitar. Idan sunan wani mutum ne ya fito, a tsaya a tambayi manaja. Kada a biya kuɗin kanti a asusun ma'aikaci.

5. Kada a miƙa wa kowa waya ya latsa, kada kuma a faɗi lambar sirri da baki a kan layi. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri, ko lambar da aka turo ta saƙo. Duk wanda ya kira yana neman waɗannan, ko yana neman lambar BVN wai zai gyara asusu, a kashe wayar.

6. A komo da shaida biyu, rasit na kanti da alat na banki. Rubutun rasit na kanti yakan goge bayan 'yan watanni, saboda haka magatakarda ya kwafe lambarsa da ranar da yawan kuɗin a littafi, a ɗauki hotonsa in da hali.

7. A riƙe 'yar tsabar kuɗi ta mota da ta masu dako, domin sabis yana iya ɗaukewa.

8. Idan waya ta ɓata, a rufe asusu nan da nan. Bankuna suna da lambar rufe asusu wadda akan latsa daga wayar wani. A nemi wannan lamba tun yau, a rubuta ta a takarda a ajiye a gida.

Wani zai ce, ai ma'ajinmu mutumin kirki ne, don me duk wannan? Gaskiya ne, amma waɗannan matakai shi suke tsarewa tukuna. Ƙungiyoyi sukan watse ne saboda zargi ko da ba a yi sata ba. Mutumin da ya komo daga birni ya ce kuɗi ya maƙale a hanya, ba shi da takarda ko shaida, zai sha wuya kafin a gaskata shi, ko da gaskiya yake faɗa. Wanda ya komo da abokin tafiya, da rasit, da lambar shaida, zai ajiye su a gaban taro ya zauna da kwanciyar rai.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Wa zai riƙe wayar biya a ƙungiyarmu, wa kuma zai raka shi?

2. Nawa ne iyakar abin da asusunsa zai iya aikawa a rana ɗaya?

3. A wane littafi za mu riƙa rubuta rasit da ladan aike?

4. Su wa a cikinmu, maza da mata, ba su iya latsa lambar banki ba tukuna, wa kuma zai koya musu kafin damina?