Yadda Binciken Sinadarai Ya Gano Gilashin da Aka Ƙera a Ile-Ife Tun Ƙarni na 11

An daɗe ana ɗauka a littattafan tarihi cewa duk wani dutsen ado na gilashi da aka tono a Afirka ta Yamma baƙo ne, wato fatake ne suka shigo da shi daga Masar ko Gabas ta Tsakiya ko Indiya. Ko da an ga alamun masana'anta, sai a ce iyakar abin da mutanen yankin suka yi shi ne narka gilashin da aka sayo, su sake masa siffa. Wannan ra'ayi ya fara rushewa ne a ɗakin gwaje-gwaje, inda aka auna ɓarɓashin da ido ba ya iya gani.

Wurin da maganar ta samo asali shi ne Igbo Olokun, wani kurmi a birnin Ile-Ife da ke Jihar Osun. Bajamushen nan Leo Frobenius ya ziyarci wurin a 1910, ya kuma ga tukwanen ƙasa da gilashi ya daskare a jikinsu. Sai dai ganin tukunya bai isa hujja ba, domin mai narka gilashin wasu ma tukunya yake amfani da ita. Hujjar tana cikin gilashin kansa.

Gilashi narkakken yashi ne. Amma yashi ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani, don haka maƙera ke haɗa shi da abin da zai sauƙaƙa narkewarsa. Mutanen Rum sun yi amfani da wata irin kanwa da ake haƙowa a Wadi Natrun a Masar, 'yar'uwar kanwar da ake sayarwa a kasuwanninmu. Daga wajejen ƙarni na 9, maƙeran daulolin Musulunci suka koma ga tokar tsirrai. Indiya kuwa tata ƙasar tana ba da gilashi mai yawan sinadarin alminiyam da ƙarancin kalsiyam. Kowane haɗi yana barin shaidarsa, kuma narkawa sau biyu ko sau uku ba ta goge wannan shaida. Abin da ya ba masu bincike damar bin diddigi ke nan.

Hanyar aunawa ta cancanci a tsaya a kanta. A wata dabarar, ana saka ɗan guntun gilashi a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, wadda ke sa kowane sinadari ya fitar da nasa haske, a gane shi. A wata kuma, ana harba siririn hasken lesa a jikin dutsen adon, ya huda ramin da bai fi kaurin gashin kai ba. Ƙurar da ta tashi sai iskar gas ta kwashe ta zuwa cikin wuta mai tsananin zafi, daga nan na'ura ta ware sinadaran bisa nauyinsu, ta ƙidaya har waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Mai gidan adana kayan tarihi yana karɓar kayansa kamar ba a taɓa su ba, wanda shi ne dalilin da ya sa hukumomi ke yarda a yi gwajin.

A 2006, James Lankton da Akin Ige da Thilo Rehren suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa gilashin Ife yana ɗauke da kalsiyam da alminiyam masu yawa a tare, kowannensu ya haura kashi 10 cikin 100. Ba a san irin wannan haɗi a Masar ko Turai ko Indiya ba. Daga baya Dokta Abidemi Babatunde Babalola ya gudanar da tono a Igbo Olokun a 2011 da 2012, ya samo duwatsun ado fiye da 12,000, tare da fasassun tukwanen narkawa da tarkacen gilashi. Rahoton da ya fito a mujallar Antiquity a 2017 ya sanya lokacin aikin tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Masu binciken suna ganin alminiyam ɗin ya fito ne daga wani irin dutse da ake samu a yankin, kalsiyam kuma wataƙila daga ƙoƙon dodon koɗi. Launin shuɗi da ya fi yawa a kayan, sinadarin kobalt ne ya samar da shi.

Ga ɗan kasuwa, sashen da ya fi jan hankali shi ne inda kayan suka je. An samu duwatsun ado masu wannan haɗi a Igbo-Ukwu da ke Jihar Anambra, da Gao da Essouk a ƙasar Mali. Ma'ana, hajar ba daga arewa zuwa kudu kaɗai take tafiya ba. Akwai wadda ta taso daga kurmi ta nufi bakin Sahara, tana gogayya da gilashin da ayari ke kawowa. Sana'ar gilashi ba ta ɓace daga Najeriya ba ma, tunda har yau Masaga na Bida suna ƙera duwatsun wuya da awarwaro, galibi daga kwalabe.

Sai dai na'ura tana da iyakarta. Tana faɗin abin da gilashi ya ƙunsa, shekarunsa kuwa daga gawayi da sauran abubuwan da aka tarar tare da shi a cikin ƙasa ake gano su. Dutsen adon da aka haƙo a ɓoye aka kai kasuwa ya rabu da wannan shaida har abada, komai tsadarsa. Shi kansa Igbo Olokun, an shafe shekaru ana tona shi don neman duwatsun sayarwa, gine-ginen birni kuma sun cinye mafi yawan kurmin.