Asalin Kalmar "Jimnastik" da Ma'anarta a Yau

Malaman makarantu da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi sukan ci karo da kalmar "jimnastik" a darasin motsa jiki, iyaye kuma kan tambaye su ma'anarta. Mun ga ya dace mu yi bayani, don kada rashin fahimta ya sa a hana yara abin da zai amfane su.

Kalmar ta fito ne daga harshen Girkawa. Tushenta shi ne "gimnos", wato tsirara, domin a tsohuwar Girka maza kan tuɓe tufafi, su shafa man zaitun, sannan su shiga gudu da tsalle da kokawa. Daga nan aka samu "gimnastike", wato fasahar horar da jiki, da "gimnasiyon", filin da ake yin horon. A irin waɗannan filaye na birnin Atina ne Aflatun da Aristotal suka koyar da ɗalibansu, shi ya sa har yau Jamusawa ke kiran wani nau'in makarantar sakandare da wannan suna.

Al'adar tuɓewa ta tafi da zamaninta, suna ne kawai ya saura. Jimnastik na zamani ya bunƙasa ne a Turai: a 1811 Friedrich Ludwig Jahn ya buɗe filin horar da matasa a Berlin, kuma wasan yana cikin gasar Olamfik ta zamani tun farkonta a Atina a 1896. Girkawan yau kuwa da wannan kalma suke kiran motsa jiki gaba ɗaya.

Saboda haka, darasin da ake yi wa 'ya'yanmu motsa jiki ne cikin sutura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin minti 60 kullum, manya kuma aƙalla minti 150 a mako, don rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Noma da daka da tuƙa keke duk suna cikin lissafi.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, su kuma kare filayen wasa na makarantu daga masu cin iyaka. Lafiya uwar jiki.