Kafuwar Jami'ar Fasaha ta Bauci

Jami'ar fasaha ta fi sauran jami'o'i cin kuɗi. Malamin harshe ko na tarihi, littafi da allo sun ishe shi, amma mai koyar da aikin injiniya sai da injuna da ɗakunan gwaje-gwaje. Wanda ya riƙe wannan zai gane abin da ya sami jami'ar Bauci tun tana jaririya.

A shekarar 1980, zamanin Alhaji Shehu Shagari, sa'ad da kuɗin man fetur ke kwararowa, Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'o'in fasaha a Bauci da Makurɗi da Owerri. Ta Bauci ta ɗauki ɗalibanta na fari a 1981. Kafin ƙarshen 1983 irin waɗannan jami'o'i sun kai bakwai.

Amma fa tun kafin nan farashin mai ya soma faɗuwa. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ga nauyin ya yi yawa, sai ta haɗe huɗu daga cikinsu da tsofaffin jami'o'i. Ta Bauci ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka raɗa mata suna Kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa, watau Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda ɗan ƙasar Bauci ne.

Sai a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta sake tsayawa da ƙafarta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Takwararta ta Makurɗi kuwa, a shekarar nan aka mai da ita jami'ar aikin gona.