Bin sawun mesa a Florida: aikin shekaru a hannun masu zaman kaka ɗaya

A kudancin jihar Florida ta Amurka, inda fadamar Everglades ta shimfiɗu, wani irin aiki ya bunƙasa cikin shekarun nan. Matasa da suka gama karatun ilimin dabbobi ne ke zuwa na 'yan watanni, a ba su eriya da rediyon hannu, su shiga ruwa da ciyawa mai yankan fata suna bin sawun macizai. Ana ɗaukarsu a matsayin masu neman sanin makamar aiki, kaka na ƙarewa kuma sai kowa ya kama gabansa.

Mafarin abin mesar Bama ce, wadda asalinta kudu maso gabashin Asiya ne. Masu cinikin dabbobin ajiya a gida ne suka shigo da ita, wasu suka kuɓuce, wasu masu su suka sake su da suka gagara riƙo. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya kwatanta dabbobin da ake gani da dare a kan hanyoyin gandun Everglades kafin yaɗuwarta da bayanta, ya gano cewa ganin wasu ƙananan dabbobi masu shayarwa ya ragu da kusan kashi 99 cikin 100, zomaye kuwa an daina ganinsu. A shekarar ce gwamnatin Amurka ta hana shigo da wannan mesa.

Matsalar ita ce mesa ba ta ganuwa. Mutum zai iya tsayawa taku biyu daga maciji mai tsawon mita huɗu bai sani ba. Shi ya sa tun 2013 ƙungiyar Conservancy of Southwest Florida da ke garin Naples ta koma ga wata dabara: a kama namiji, likitan dabbobi ya dasa masa ƙaramar na'ura mai aika sigina a cikin jikinsa, a sake shi. Lokacin barbara, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, namijin zai nemi mace, masu eriya kuma na biye da shi, suna sauraron ƙarar da ke ƙaruwa in sun kusa. Ta wannan hanya aka kama wata mace a ƙarshen 2021 mai nauyin kusan kilo 98, tsawonta ya haura mita 5, da ƙwai 122 a cikinta, an kuma sami ragowar kofaton barewa a hanjinta. Zuwa 2025 ƙungiyar ta ce nauyin mesar da ta cire ya wuce kilo 18,000.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa aikin ya zama na kaka. Macijin ne ke yanke lokaci. Watannin barbara na bukatar ƙafafu da yawa a daji, sauran shekara kuwa ba haka ba. Kuɗin bincike ma yawanci tallafi ne na shekara ɗaya zuwa uku, ba mai yarda ya ɗauki ma'aikacin dindindin a kansa. Ga kuma ɗalibai da yawa da ba za su sami aiki ba sai sun nuna sun taɓa shiga daji. Bukatun uku sun haɗu, sai tsarin ya kafu.

Ba kisa kaɗai ake koya ba. A arewacin Florida da kudancin Alabama ana amfani da irin wannan eriya don ceto macijin indigo, baƙin maciji marar dafi wanda aka sa cikin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1978. An fara mayar da shi dajin Conecuh na Alabama a 2010. Shi yana fakewa ne a ramin wani kunkuru, kunkurun kuma yana bukatar daji mai sarari da hasken rana, wanda ba ya samuwa sai ana cinna wuta da gangan lokaci-lokaci. Don haka mai koyon aiki a can yakan ɗauki butar cinna wuta da shebur kamar yadda yake ɗaukar eriya.

Amfanin a bayyane yake, amma ni abin da ya fi damuna tsadar da ba a lissafawa ce. A 2015 masana biyu, Auriel Fournier da Alexander Bond, sun yi rubutu suna cewa dogaro da ma'aikatan daji da ba a biya yana cutar da fannin, domin wanda iyayensa ba su da hali ba zai iya shafe watanni babu albashi ba. Na yarda da su ƙwarai. Ko inda ake ba da ɗan alawus da ɗakin kwana, yaron da ke da bashin makaranta ko ƙanne a wuyansa yakan haƙura tun kafin ya nema, fannin kuma ya rasa shi.

Akwai asara ta biyu. Karanta sigina a fadama gwaninta ce: sautin yakan daki itatuwa ya dawo ta wata fuska, yakan dushe in macijin ya shiga rami ko ruwa. Kafin mutum ya iya bambance wannan, ya san inda kada ke kwana da inda ƙasa ke haɗiye ƙafa, rabin kakar ta wuce. Yana gogewa sai lokacin tafiyarsa ya yi, baɗi a sake koya wa wani daga farko, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Abin da ya sa shirin Naples ya yi nisa, a ganina, shi ne akwai masana irin su Ian Bartoszek da suka zauna a kansa fiye da shekara goma, masu koyo suna zuwa su tarar da su. Inda babu irin waɗannan, takardun bayanai za su taru amma sanin daji zai riƙa ficewa duk ƙarshen kaka. Mesa mace ɗaya tana iya rayuwa shekara ashirin tana saka ƙwai, hukumomin da ke ba da tallafi kuwa har yanzu a kan shekara biyu ko uku suke tsara kasafinsu.